Aron Ƙirji

Sunana Hamsatu, mai man gyaɗa ta Gidan Amumune. Duk wanda ya taɓa cin kasuwarmu ya san rumfata, ya san bakina kuma, don ni ba a taya mini mai da raini a tafi lafiya. Abin da zan ba ku labari a cikin gidana aka yi shi, daminar bara waccan, saboda haka kada wani ya zo ya ce mini ba haka aka yi ba.

Autana Lamine ɗan kabu-kabu ne, mai haya da babur. Matarsa Sakina daga wani ƙauye ya auro ta, can bayan Kanan-Bakashe. Kai, yarinyar nan akwai kunya! Tun da ta shigo gidan nan ban taɓa ganin loma ta shiga bakinta ba. In na yi magana kanta na ƙasa, "To, Inna," shi ke nan. Har gori nake yi wa matan unguwa da ita, ina cewa su je su nemo irinta in sun isa.

Da ta samu cikin fari, mun shirya in ya tsufa a kai ta gidansu goyon ciki yadda aka saba. Allah bai nufa ba. Ruwa na fara sauka zazzaɓin sauro ya kama ta, ta yi ta ɓoyewa don kunya, kafin mu ankara naƙuda ta taso, ciki yana wata bakwai da 'yan kwanaki. Daga likitar garinmu, wato ƙaramin asibitinmu, aka wuce da ita babban asibitin Mayahi, can ta haihu.

Ranar da na fara ganin yaron sai da na yi salati. Na haifi shida, na tsaya a kan haihuwar da ban san iyakarta ba, amma ban taɓa ganin mutum ƙarami haka ba. Fata ja, ana ganin jijiyoyi, cinyarsa ba ta fi babban yatsana ba. Kukansa ma sai ka kasa kunne. Na ce a raina wannan leƙo duniya kawai ya zo yi. Amma ma'aikatan can, Allah ya saka musu da alheri, suka tsaya a kansa har ya fara kama nono da kansa. Ran suna liman ya raɗa masa Sama'ila a zaure, ba taro, ba aski, aka ce sai ya yi ƙwari.

Da za a sallame su, ungozomar asibitin ta zaunar da mu ta fara bayani. Wai irin renon da za mu yi masa sunansa kangaru, wata dabba ce mai aljihu a ciki, can wata ƙasa. Na ce mata, "'Yar nan, bar dabbar a garinsu, ki faɗa mini abin da za mu yi." Ta yi dariya ta faɗa. Bakwaini ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa, don haka jikin uwarsa ne ɗakinsa. A tuɓe shi, daga shi sai hula da ɗan ƙyalle, a tsayar da shi tsakanin nonuwanta, fata da fata, a ɗaure da zane, dare da rana. Ba wanka, sai shafawa. Nono a kai a kai, ba ruwa, ba jiƙo. In uwar za ta yi wankan jego ko ta kewaya, wani ya karɓe shi a nasa ƙirjin. Kowane mako kuma a ɗora shi a kan kilo.

Uwar Sakina ta so ta tafi da ita wankan gida. Na ce sam. Ƙauyensu in aka yi ruwa mai ƙarfi ko amalanke ba ya shiga, wa zai kai musu kilo can? Ta ji haushi, ta zauna da mu 'yan kwanaki, ta koma ga gonarta.

Yanzu bari in yabi mutanen garinmu, don sun cancanta. Aminiyata Shatu, mai dogon baki irina, ita ta zagaya unguwa ta ce a yi wa gidan Hamsatu gayya. Wannan ta ɗauki daka, waccan ruwa, wata itace, wata wanki. 'Yan matan lakwal, wato makarantar boko, suka saƙo huluna ƙanana har da masu tuntu. Matan asusunmu suka sayo zannuwa da sabon sange, wato gidan sauro. Abokan Lamine suka taru da hauyoyinsu suka nome masa gona cikin hantsi ɗaya. Sakina ko tsinke ba ta ɗagawa. Daga safe har la'asar gidana cike yake da mata, kuma duk wadda ta sauke tulu ko ta ajiye taɓarya sai ta shiga ɗaki ta yi barka, ta ɗan zauna.

Mai zuwa da kilon sunanta Rufaida, ɗiyar Tasawa ce, ta yi karatun ungozoma a Maraɗi. Tana cikin masu binciken abin da ke faruwa da bakwaini bayan an sallame su, tana bin su gida-gida a kan moto, wato babur. Awon farko yaro bai ƙaru ba. Ta ce ba komai, sauyin wuri ne. Awo na biyu ta ɗora shi, ta sauke, ta sake ɗorawa. Ta miƙa wa Sakina shi, ta yafito ni muka fita inuwar bishiyar bedi.

Ta ce, "Inna, ba zan ɓoye miki ba, ya ragu. In na dawo bai ƙaru ba, Mayahi za mu koma da shi. Yaro irin wannan in sanyi ya shige shi, ba kullum ake dacewa ba."

Raina ya ɓaci, don tsoro ni faɗa yake sa ni. Na ce, "Yo me ba mu yi ba? Gari guda ya taru a kan yaron nan! Uwarsa fura da kunu har sai ta ture. Ko kilonki ne ya lalace?"

Ba ta ji zafi ba. Ta ce, "Ban ce kun yi sakaci ba. Akwai dai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Cikin yaran da nake bi tsakanin nan da Tasawa, a asibiti kowa ƙaruwa yake yi, sai an koma gida waɗansu su tsaya cak. Waɗanda suka tsaya ɗin kuwa, yawancinsu 'ya'yan fari ne. Da farko na ɗauka ƙuruciyar uwayen ce. Amma na ga Sakina a Mayahi, ba wadda ta kai ta iya ɗaurin nan. Inna, ke da idonki, yaushe rabon da ki gan shi a ƙirjinta?"

Na buɗe baki zan ce ɗazu, sai na tuna. Ɗazu a kan katifa na same shi. Jiya ma haka. In na shiga karɓarsa za ta yi wanka, a kan katifa nake samunsa an naɗe shi da zannuwa, in ɗauka ta shirya mini shi ne. Tun da muka dawo gida ban taɓa ganin yaron nan a jikin uwarsa ba.

Rufaida ta ce, "Ni ma 'yar fari ce, har yau uwata ba ta kama sunana. Amma zato nake yi, ban gani ba. In na tambaye ta, 'to' za ta ce mini. Ke ce cikin gidan."

Washegari da hantsi, kafin masu daka su iso, na yi abin da surukar kirki ba ta yi. Ni dama in zan shiga ɗakinta tun daga tsakar gida nake jan takalmi, in yi gyaran murya, in yi sallama. Ranar na tuɓe takalman a bakin murhu, na taka a hankali har jikin asabari, na sa ido.

Ga shi nan a ƙirjinta, ɗaure tsaf, hularsa kawai ake gani. Ta jingina da bango, ta tallafe shi da hannu biyu, ta sa hancinta a kan hular tana shaƙa. Can ƙasa-ƙasa na ji tana cewa, "Sama'ila. Sama'ilana. Sha mana, ɗan albarka, sha ka girma." Muryar da ban taɓa ji ba ke nan a gidana. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Na koma da baya, na sa takalmana, na jawo su fat-fat, na yi sallama. Kafin in ɗaga asabari an gama komai. Yaro na kan katifa cikin zannuwa, uwarsa na can ƙarshen gado ta ba shi baya, wai tana tsintar wake. Na taɓa ƙafarsa, da ɗuminta. Nan take na lissafa matan da ke shiga ɗakin nan a yini. Shatu kaɗai in ta zauna sai ta ba da labarin kasuwa tun daga layin dabbobi har masu gishiri. Duk tsawon zaman nan yaro na kwance a sanyin damina, ba jikin uwa, ba nono, don ba za ta shayar da ɗan fari a gaban manya ba. Ashe alherin da muke yi ne ke ƙarar da shi.

Kada wani ya ce yarinyar wauta ta yi. Abin da aka koya mata ta yi, kuma abin da nake yabonta da shi ke nan. Mace ba ta rungumar ɗanta na fari a gaban surukai, ba ta kama sunansa, in ya yi kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba har wani ya ce ta ɗauke shi. Ni kaina 'yata ta fari tana Tasawa, har ta aurar da ɗiya, kuma har gobe "waccan ta Tasawa" nake ce mata. Ba ƙi ba ne, mutunci ne. Sai dai namu 'ya'yan da ƙibarsu suka zo, sun iya jira a kan tabarma. Wannan bai iya ba.

Na fara da abin da na fi iyawa, wato faɗa. Na ce, "Ke, ɗauki yaron nan ki mayar da shi inda yake. Daga yau ko sarki ne ya shigo kada ki sauke shi. Kin ji ni?"

"To, Inna."

Ta ɗauke shi, ta ɗaura, ta juya fuska ga bango kamar wadda aka kama da sata. Na fita ina cewa na gama da wannan. Ina! Da azahar Shatu ta shiga, na biyo bayanta, yaro na kan katifa. Na dubi Sakina, sai hawaye shar. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ban san lokacin da hannuna ke kwancewa ba." Na yarda da ita, don abin da aka dasa wa mutum tun yana wasan ƙasa, tsawa ɗaya ba ta tumɓuke shi.

Lamine ya kira mini Rufaida a waya na faɗa mata abin da na gani. Ta ce ko za a hana mutane shiga ɗakin. Na ce, "'Yar nan, a garin nan? In na tare ƙofa, kafin magariba an ce abin da aka haifa ba mutum ba ne shi ya sa muke ɓoyo. Masu daka su ɗauke ƙafa, aikin ya dawo kan uwar. Kuma ni fa? Ni ce babbar wadda take jin kunya, ni ma in daina shiga?" Ta ce gaskiya ne, amma ko ma mene ne a yi shi da wuri, yaron ba shi da sauran naman da zai zubar.

Ina tuyar ƙuli da yamma abin ya faɗo mini. Kafin ta haihu, yarinyar nan ba ta rabuwa da goyo. Ɗan wannan maƙwabciya, ɗiyar waccan, tana daka da su a baya, tana yi musu rawa a tsakar gida a gabana, ko a jikinta. Ɗanta ne kawai take jin kunya, ba ta jin kunyar ɗan wani. To, ai sai ya zama ɗan wani.

Da safe na aika aka sayo goro. Na buɗe akwatina na ciro zanen saƙi baƙi wanda marigayi maigidana ya saya mini a Tasawa, na wanke shi tas na shanya. Da masu gayya suka taru na ce kowa ta ajiye abin da ke hannunta. Na naɗe asabarin ɗakin Sakina sama don su gani daga waje, na wanke hannuna, na shiga na ɗauki yaron a kan katifar da na san zan same shi. Na tsaya daga ciki na ɗaga murya.

"Shatu, ke da sauran, ku zama shaida. Ɗan fari na kaka ne, kowa ya sani. Yau ni Hamsatu na karɓi riƙon wannan. Ba ɗan Sakina ba ne, ba ɗan Lamine ba ne. Mijina ne, angona ne, kuma ba na haɗa shi da kowa."

Mata suka kwashe da dariya. Shatu ta ce, "Tsohuwa, wannan angon naki ko kuɗin cefane yana da shi?"

Na ce, "Ya fi naki, mai kwana a gindin bedi. Ku saurara, ban gama ba. Mijina yana son ɗumi da nono, ni kuwa ƙirjina ya bushe tun zamanin da. Saboda haka aron ƙirji zan yi. Ke Sakina, taso."

Ta taso kanta na ƙasa. Na juya ta ta ba mata baya, na sa mata shi a ƙirji da hannuna, na gyara masa kai da ƙafafu yadda aka koya mana. Na zagaya su da zanen saƙin, na kai bakin zanen bayanta, na ƙulle shi tamau a tsakiyar baya. Sannan na juyo da ita ta fuskanci jama'a.

"Amana na ba ki. Wannan ƙullin nawa ne, ni na ƙulla, ni ke kwancewa. In za ki yi wanka ko za a gyara shi, ki aika a kira ni. In ya nemi nono ki ba shi nan inda yake, ko gaban wa, don ba naki kike ba wa ba, nawa kike ba wa. Wadda ta kwance ƙullin nan ba ni ba, ta raina ni, kuma ta raina wanda ya saya mini zanen. Ku kuma masu shiga, kada in ji wadda ta ce mata ina ɗanki. Ku ce ina mijin Hamsatu."

Aka raba goro. Na tura Shatu ta fara shiga, ni ina bakin ƙofa ina kallon hannun Sakina. Shatu ta zauna ta ce, "Sannu 'yar aro. Ina mijin Hamsatu?" Na ga hannun ya tashi ya nufi baya, ya taɓa ƙullin, ya tsaya. Ya daɗe a wurin. Sannan ya dawo gaba ya tallafi yaron.

Sakina ta ce, "Yana lafiya. Ɗazu ya sha da yawa."

Karo na farko ke nan da ta yi maganarsa a gaban mutane. Shatu ta yi zamanta ta ba da labarin kasuwa kaf, yaro ya farka ya nema, aka ba shi, ba wadda ta ɗaga ido.

Ran awo ban iya karyawa ba. Rufaida ta iso, na kwance ƙullin, ta ɗora shi. Ta dubi kilon, ta dube ni, ta ce, "Inna, mijinki ya fara cin abinci." Na rangaɗa guɗa har awaki suka firgita. Ba wani ƙaruwa mai yawa ya yi ba, amma ya juyo. Mako na gaba ya ƙara, na gabansa ma haka. Sakina kuma bakinta ya buɗe. Tunda rahoton mijin wata take bayarwa, ba abin da take ragewa: yau ya yi kashi kaza, jiya numfashinsa ya yi sauri, nonon hagu ya fi so. Rufaida ta ce da haka uwaye ke yi mata bayani da aikinta ya yi sauƙi.

Aikina ya ƙaru, ba na musu. Kasuwa ma sai da na bar wa ɗiyar Shatu rumfata, don a yini ana kirana kwance ƙulli ba adadi. In Sakina ta shiga wanka ni ke karɓarsa a ƙirjina, in rufa da mayafi. Wani lokaci in sa Lamine ya tuɓe riga ya karɓa, yana zaune ƙiƙam kamar an ɗora masa ƙwai, abokansa na yi masa tsiya ta kan katanga. Amma yawanci ni ce. Kuma in faɗa muku gaskiya, tun rasuwar maigidana ba abin da ya shiga raina kamar ɗan numfashin nan a kan fatata. Wasa na fara da shi, amma kafin damina ta ƙare, in na ce mijina har cikin zuciyata nake faɗa.

Labari ya bazu. Rufaida ta ɗauke ni a moto har wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe, inda wata yarinya ta haifi bakwaini ɗan fari, na koya wa surukarta ƙullin da maganar da ake faɗa. Matan asusunmu kuma suka ware zane da hula a ajiye don duk wanda ya zo da wuri. Muka ƙara da doka: mai ciki ba ta ɗaukar tulu, ba ta kwana ba sange, awo tun da wuri, wadda ta ɓoye zazzaɓi don kunya kuwa ni da ita.

Gero na nuna Rufaida ta ce yaro ya isa, shi da kansa ma yana ture zanen da ƙafa, a bar ɗaurin dare da rana. Na ji, amma ban fasa ƙulla shi kowace safiya ba, na ce sai an yi taro. Da aka gama girbi muka yi walimar sunan da aka ɗaga. Wanzami ya yi aski, aka yanka rago, uwar Sakina ta zo da danginta, Rufaida ta zo da kilonta don tsokana. Yaro ya yi kumatu, wuyansa ya tsaya, in ya tsala kuka har zaure ana ji.

Bayan an ci an sha, mata na cike da tsakar gida, Shatu ta ce, "To Hamsatu, aro dai ya ƙare. Mu ne shaidu, a gabanmu kika karɓi riƙo. Ki kwance zanenki ki karɓi mijinki, ran da aka yaye shi kuma ɗakinki zai koma." Uwar Sakina ta ce haka ne, haƙƙina ne, ba mai ja. Ni ma na san haƙƙina ne. Har na riga na zaɓi gefen gadon da zai riƙa kwana.

Sakina na tsaye da shi a ƙirji. Na zagaya bayanta na kwance ƙullin, na dawo gabanta na miƙa hannu biyu. Na ce, "Sannu da aiki, 'yar aro, Allah ya yi miki albarka. Kawo shi."

Ba ta miƙo ba. Zanen ya saki ya zamo, amma hannuwanta na nan a kansa. Na ɗauka ba ta ji ba, na sake cewa, "Kawo mijina mana."

Kanta na ƙasa yadda ta saba, amma muryar ta fito kowa ya ji.

"Inna, ki yi haƙuri. Sama'ila ɗana ne."

Uwarta ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku! Ke, a gaban surukarki? Har da kama suna?"

Ya yi mini zafi, ba zan ce bai yi ba. Hannuwana na miƙe a gaban mutane ba komai a cikinsu. Amma na dubi yarinyar nan da ba ta taɓa ce mini a'a ba, na tuna ranar da na leƙa ta asabari, na tuna hannun da ke kwance zane ba da saninta ba. Yau ga hannun nan ya ƙi saki. Wata nawa ina neman abin nan, sai yanzu da ya zo in yi fushi?

Na ce wa uwarta, "Ƙyale ta. Gaskiya ta faɗa, kuma duk wadda ta yi mata gori a kan maganar nan ta shirya haɗuwa da ni a kasuwa." Na tsuguna na ɗauki zanen saƙin na kakkaɓe. Na ce, "Juya, uwar Sama'ila. Sunkuya."

Ta juya ta sunkuya. Sai a lokacin ta bari na karɓe shi, na ɗora mata shi a baya, goyonsa na farko. Na shimfiɗa zanen a kansa, na zuro bakin biyu ta ƙarƙashin hammatarta zuwa gaba, na sa mata a hannu.

Na ce, "Zanen ma na bar miki. Ƙulla da kanki."

Ta ƙulla. Ta miƙe, ta gyara shi da 'yar girgiza yadda uwaye ke yi, ta ratsa tsakiyar matan nan da ɗanta a baya, ta je ta ɗebo mini ruwa.